Osbert na Kusa da Takalma

Ranar Asabar ɗin da ta wuce 'yar ƙanwata Zainab ta zo gidana a Beltsville, nan Amurka, da ƙawayenta biyu daga College Park. Suka tarar na baje katuna a kan teburin cin abinci ina neman uwar wani mutum da ya mutu kusan shekara ɗari takwas da suka wuce. Bayan gaisuwa ta leƙa ta ce, "Kawu, har yanzu da kati kake fama? Ai akwai app. Ka sa sunanka kawai, ten minutes ya kai ka har Annabi Adamu." Ƙawayen suka yi dariya a ɓoye, irin ta yaran da aka koya wa ladabi. Na ce su zauna. Tun da sun ci tuwon gidana, dole su ji tarihin sana'ata.

Sana'ar ita ce binciken asali. Ba'amurke ya yi kuɗi, ya tsufa, ya duba ya ga babu abin da ya rage masa saye sai kakanni, sai ya zo wurina. Ni kuma fannina shi ne gidajen sarautar Normandi, wato mutanen da suka ƙetaro teku daga Faransa suka ci Ingila da yaƙi, sarkinsu ya raba musu ƙasa suka zama hakimai. Turawa na ce wa irin wannan hakimi baron. Shekara talatin ina wannan aiki, kuma duk wanda ya ƙwanƙwasa ƙofata jikan baron yake so ya zama. Ban taɓa samun wanda ya ce in binciko masa ko kakansa manomi ne ba. Har yau ban san wanda ya yi wa Ingila noma ba a wancan zamani, don da alama duk garin hakimai ne.

Na faɗa cikin aikin ne ta hanyar tura keken littattafai. Na zo karatun tarihi, ina ɗan aiki a wani babban ɗakin karatu a Washington, sai wata tsohuwa 'yar guntuwa mai binciken asali, Misis Elna, ta lura ba na kawo mata littafin da ba ta nema ba. Wannan kaɗai ya sa ta ɗauke ni almajirinta. Aikin farko da ta ba ni, silsilar wani gida ce. Na yi sati uku a kai, na zana ta da kyau a babbar takarda, na kawo ina taƙama. Ta ɗauki jan fensirinta ta zagaye wuri ɗaya ta ce, "Wannan mutumin ya haifi ɗansa shekara goma sha ɗaya bayan an binne shi. Ko dai jarumi ne ƙwarai, ko kuma kai ne ba ka iya lissafi ba." Daga ranar na yi shekara uku ba ta bar ni na zana komai ba sai kwafar katuna.

Kayan aikin ba su da yawa. Fensir, don ba a shiga ɗakin tsofaffin takardu da biro. Gilashin ƙara girman rubutu. Ƙamus na Latin wanda bangonsa ya cire tun ina da baƙin gashi. Na'urar duba hotunan takardu, wadda ake murɗawa da hannu har kafaɗa ta riƙe. Sai katuna a cikin kwalayen takalma, mutum ɗaya kati ɗaya. A bayan kowane kati Misis Elna ta sa ni rubuta tambaya uku: wa ya faɗa, yaushe ya faɗa, me zai samu idan aka yarda da shi. App ɗin Zainab ba ya yin tambaya ta ukun, shi ya sa yake isa wurin Annabi Adamu da wuri.

Abin da ya fi wahalar da mai wannan aiki shi ne rowar suna da Normawa suke da ita. Gida guda sai ka samu Wilyam ɗan Wilyam ɗan Robat ɗan Wilyam, ga ƙanin uba Wilyam, ga kuma wani Wilyam da aka haifa a waje. Mu a gida idan aka yi wa yaro sunan kakansa sai a ce masa Abba ko Babangida, kowa ya huta. Su ko wannan dabarar ba ta zo musu ba. Sannan idan hakimi ya mutu bai bar ɗa namiji ba, sai wani ya auri 'yarsa ya haɗa da ƙasar da sunan gidan duka ya ɗauka, ya wayi gari kamar a ɗakin aka yanke masa cibiya. Ga kuma tsofaffin littattafan asali da aka buga shekara ɗari da wani abu, waɗanda mutane ke ɗauka kamar saukakku. Yawancin marubutansu a teburin masu gidan suka ci suka sha. Maroƙa ne, sai dai su da kwat suke yawo ba da kalangu ba.

Shaidar da muka fi yarda da ita ita ce takardar kyautar ƙasa. Hakimi ya ba gidan ibada gona don a yi wa iyayensa addu'a, sai a rubuta, a jera sunayen waɗanda suka shaida a ƙasa. Wannan jerin ba a yin sa da ka. Manyan baƙi ne farko, sai 'ya'yan mai gida, kowanne da kalmar "ɗana" a jikin sunansa, sai jarumansa, sai limamin gidan, can ƙarshe sai barori. Abokan aikina Turawa a makaranta suka koyi wannan. Ni tun ina yaro na san shi, a zauren Malam Babba na garinmu, inda kakana yake kai ni gaisuwa ranar Juma'a. Ba sai an gaya maka wane ne wane ba, ka duba inda kowa ya zauna kawai. 'Ya'yan Malam suna dama da buzunsa, manyan almajirai suna biye, kakana kuma kullum yana bakin ƙofa kusa da takalma, da butar alwalar Malam a gefensa. A lokacin ban tambayi dalili ba.

To, aikin da ya kusa kashe mini sana'a shi ne na Mista Marval. Lokacin Misis Elna ta ajiye aiki ta bar mini masu zuwa wurinta, sunana ya fara zagawa. Mista Marval tsoho ne mai shekara tamanin, ya yi arziki da sayar da tayil, yana zaune a wani ƙaton gida gaba da Silver Spring shi da karnuka biyu. Ya yi imani shi jikan gidan de Marleval ne, wasu hakimai da suka riƙe ƙasa a yammacin Ingila. Tambarin gidan, jan zaki a kan garkuwa, yana ko'ina: a bango, a kofin shayi, a tawul ɗin banɗaki, har a kan abin goge ƙafa na bakin ƙofa. Burinsa ɗaya kafin ya mutu, ya shiga wata ƙungiya ta jikokin hakiman Normandi, inda ake taruwa sau ɗaya a shekara a ci nama mai sanyi a rataya wa juna lambobi. Ƙungiyar ba ta karɓar mutum sai da rahoton mai bincike da sa hannunsa. Sa hannun nan shi ne duk jarin mai sana'armu. Ba mu da shago, ba mu da kaya. Ranar da aka daina yarda da shi, ka tashi daga aiki.

Da mutumin banza ne da abin ya zo da sauƙi. Amma tsohon nan ya karɓe ni hannu biyu. Shi da kansa yake dafa mini shayi, ya tambayi lafiyar iyalina da sunayensu, ya ware mini ɗaki in yi salla. Yana ce mini "ɗana". Ni kuma na ɗauke shi kamar uba, kuma a nan matsalar ta fara.

Na yi wata huɗu a kan aikin. Daga shi har zuwa wani manomi a Ingila silsilar ba ta da tsaga, kowace gaɓa da takardunta. Daga nan na bi rajistar kotunan ƙauye a hankali har na isa kan wani mutum mai suna Osbert de Marleval. Wani tsohon littafi ya ce Osbert shi ne ɗa na uku ga hakimin. Sai na nemo hotunan takardun kyautar ƙasa na gidan, guda shida da sunan Osbert a ciki. A ta farko na gan shi a ƙarshen jeri. Na ce wataƙila ya makara ne ranar. A ta biyu ma ƙarshe. A duka shidan yana bayan mai dafa abinci, kuma babu inda aka ce masa "ɗana", alhali 'ya'yan hakimin biyu suna can sama kusa da ubansu. Takarda ta shida ce ta gama magana: an ba Osbert 'yar gona da bukka a bakin daji saboda hidimar da yake yi ta kula da karnukan farautar mai gida. Sunan gidan kuwa ya same shi ne kamar yadda ake ce wa mutum Audu na gidan Alƙali, ba don Alƙali ya haife shi ba. Osbert na kusa da takalma ne.

Ranar da na kai rahoton, na tarar ya sa kwat da lakataye, ya kira 'yarsa ta zo ta ji. Ya ce, "Ɗana, gaya mini. Osbert namu ne?"

Ku yaran da kuka tashi a nan ba za ku gane abin da ya riƙe mini harshe ba. Ni an rene ni a inda ba a duban dattijo a gaban 'yarsa a ce masa kakansa bara ne, balle mai kiwon karnuka. Akwai yadda ake yi. Sai ka faɗi duk abin alherin da yake gaskiya, ka yi shiru a kan ɗayan, shi kuma dattijon ya ji shirun ya gane, ya sauya magana, kowa ya tashi da mutuncinsa. Kara ke nan. Don haka na ce, "Yallaɓai, Osbert kakanka ne, babu shakka. A gidan de Marleval ya rayu, a nan ya mutu, kuma mai gidan ya yarda da shi ƙwarai." Rahoton ma haka na rubuta shi. Shafi uku ina yabon amanar Osbert, na jera takardun shida da lambobinsu, ban ce ɗan hakimi ne ba, ban kuma ce ba shi ba ne. Na sa hannu a ƙasa. Na fito ina jin na yi dabara irin ta manya.

Mista Marval ba Bahaushe ba ne. Shi a wurinsa abin da ba a ce a'a ba, an ce i. Kafin wata biyu ya buga littafi mai bangon fata da jan zaki a gaba, ya raba wa 'ya'ya da jikoki da maƙwabta da likitan haƙorinsa. A shafin farko an rubuta cewa binciken nawa ne, da cikakken sunana har da na mahaifina. Ya aika wa ƙungiyar kwafi tare da rahotona. Mai tantance musu takardu wata mata ce da ba ta san kara ba ko a mafarki. Ta bi lambobin da ni da kaina na jera mata, ta karanta takardun shida a yini ɗaya, ta mayar masa da takardar neman shigarsa. Ba ta tsaya nan ba, ta rubuta sharhi a mujallar masu sana'armu, inda ta ce akwai wani mai bincike a Maryland da yake naɗa wa masu kiwon karnuka sarauta.

Wayata ta yi tsit. Waɗanda na fara wa aiki suka turo a ba su takardunsu. A ɗakin karatu mutanen da muke gaisawa suka koma duban agogo idan na doso. Na je wurin Misis Elna a gidan tsofaffin da take, ina tsammanin ta lallashe ni. Ta ce, "Tambaya ɗaya. Ka ga inda sunansa yake a jerin, ko ba ka gani ba?"

Na ce, "Na gani."

Ta ce, "Da ba ka gani ba, da na ce kai daƙiƙi ne, daƙiƙi kuwa ana koya masa. Amma ka gani ka sa hannu. Wannan ban san maganinsa ba."

Na yi ƙoƙarin yi mata bayanin kara. Ta saurara har na gama, sannan ta ce al'ada ce mai kyau, in riƙa yin ta da baki, amma fensir ba shi da al'ada. Na ji haushinta ƙwarai a ranar, don ta fi ni gaskiya.

Shekarar nan tuƙi na yi. Maƙwabcina Isuhu, mutumin Maraɗi, yana da motocin haya biyu, ya miƙo mini makullin ɗaya. Ya ce da ɗan Faransancinsu, "Bon, Malam, kai da ka san kakannin Nasara duka, ga mota. Fasinja ba ya tambayar wa ya haife ka, adireshi kawai zai ba ka." Duk inda Hausawa suka taru, a wurin suna ko bayan sallar Juma'a, sai ya nuna ni ya ce, "Ku gaida Sarkin Karnukan Ingila." Ina ɗaukar mutane daga tashar jirgin ƙasa ta Silver Spring ina kai su gidajensu, kuma sau biyu na ɗauki waɗanda na taɓa binciko wa kakanni. Ɗaya ya gane ni, ya yi kamar barci yake.

Da bazara ta zagayo na ga ba zan mutu ina Sarkin Karnuka ba. Na ajiye motar Isuhu a ƙofar gidan Mista Marval da hantsi, na taka jan zakin nan na shiga. Ya rame. Bai dafa shayi ba. Ban zauna ba, don na san idan na zauna kara za ta dawo. Na ce, "Yallaɓai, Osbert ba ɗan hakimi ba ne. Baransa ne, mai kula da karnuka. Na san haka tun ranar da na kawo maka rahoto, na ji nauyinka na ƙi faɗa."

Ya ɗago ya dube ni. Sannan ya ce, "Nauyina ka ji?"

Na ce, "I, Yallaɓai."

Ya ce, "Da ka faɗa mini ranar, da na ji kunya a gaban mutum biyu, kai da 'yata. Yanzu na ji ta a gaban jikokina da duk wanda na aika wa littafin nan. Wannan ne girmamawar ƙasarku?"

Har yau idan na tuna maganar nan sai in ji kamar yanzu ya faɗe ta.

Na nemi izininsa in rubuta gyara a mujallar, ya ce in rubuta abin da na ga dama. Na rubuta tarihin Osbert yadda yake, da gonarsa da bukkarsa da karnukansa, na faɗi a sakin layi na farko cewa na gani na ɓoye. Ba a yafe mini nan take ba. Sai a hankali aiki ya fara dawowa, kuma abin dariya, yawanci daga ƙungiyoyi irin wadda ta ƙi Mista Marval ne, idan suna so a kori wani cikin ladabi. Sun gano babu wanda ya kai tubabben maroƙi tsanani. Mista Marval kuwa har ya rasu bai cire abin goge ƙafar nan ba. Karnukansa ne suke kwanciya a kai, kuma a ganina a duk tarihin gidan de Marleval wannan ne gadon da ya faɗa hannun masu shi.

Tun daga lokacin, duk wanda ya zo wurina nakan gaya masa tun a bakin ƙofa cewa abin da na samu shi zan rubuta, da baƙin fensir, a layin farko. Na gaya wa wata mata kakanta ɓarawon tumaki ne. Na gaya wa wani tsohon soja cewa jarumin da ya rataya hotonsa a falo bai taɓa haihuwa ba. Wasu su yi kuka, wasu su tafi wurin wani mai binciken da ya fi ni sauƙin hali, don har gobe akwai maroƙa masu kwat.

Zainab ta ce, "To Kawu, yanzu ka daina karar ke nan gaba ɗaya?"

Na ce mata a takarda na daina. Sai na ba su labarin abin da ya faru bara. Baffa Iro, ƙanin mahaifina, shi kaɗai ya rage mana a manya, ya kira ni daga gida. Bayan mun gaisa ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, sai ya ce zuri'a za ta yi taro bayan Babbar Salla, ana so a buga ɗan littafin asalinmu. Ya ce tun da Allah ya ba mu ɗa wanda Turawa ma suke zuwa wurinsa neman kakanni, ni zan rubuta, in nuna yadda muka fito daga tsatson Malam Babba, in sa hannu. Ai duk gari, in ji shi, gidan Malam ake ce mana.

Na tuna zauren, da buzun, da inda 'ya'yan Malam suke zama. Na tuna butar alwala da takalman mutane a gefen gwiwar kakana. Baffa yana da shekara tamanin da wani abu, kuma na ji muryoyin jikokinsa a kusa da shi.

Na ce, "Allah ya ƙara girma, Baffa. Lalle kaka a gidan Malam ya rayu, a nan ya rasu, kuma Malam ya yarda da shi ƙwarai."

Na yi shiru. Shi ma ya yi shiru, har na duba wayar ko ta yanke. Can sai na ji ya gyara murya.

Ya ce, "Haka ne. Allah ya ji ƙansu. Yaya sanyi a wajenku?"

Bai sake tayar da maganar littafin ba.